Koren Ganye Uwa Yake Bi

Ranar da aka gano an sace Ɗan-dutse, ina shago ina fama da wani keken ɗinki da ya ƙi kama zare. Gyaran kekunan ɗinki shi ne sana'ata. Matar da ke sayar da furanni a ƙofar cibiyar binciken tsirrai ce ta kira ni a waya, ta ce in ajiye abin da nake yi, an rufe ƙofa da Auta a ofishin Shugaba.

Auta ita ce ƙaramar 'yata, ita kaɗai ta rage mini a gida tun rasuwar mahaifiyarta. A cibiyar take aiki, a ɗakin gwaji. Ɗan-dutse kuwa wani ɗan itace ne mai fure, bai wuce ƙugun mutum ba. Tsohon Farfesan cibiyar ne ya sauko da shi daga kan wani dutse tun yana da ƙuruciya. Daga baya masu fasa dutse suka cinye wurin, ba a ƙara ganin irinsa ba. Bai taɓa yin iri ba, in an yanki reshensa an dasa ba ya kamawa. Shi ɗaya ne, a tukunya, a cikin ɗakin gilashi.

Da na isa, ma'aikata sun yi cirko-cirko a baranda. Mutanen da suka saba tambayata lafiyar gida, ranar kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Na ji wata tana cewa, "Ai masu shiru-shirun nan su ne abin tsoro." Na wuce kamar ban ji ba.

Shugaba mace ce mai magana a hankali. Ta ba ni kujera. Auta tana tsaye jikin taga da farar rigar aikinta.

Shugaba ta ce, "Malam, ba zan ɓoye maka ba. Tukunya tana nan, akwai shuka a ciki, ko ni da ido ba zan ce ba shi ba ne. Amma ba shi ba ne. An ɗauke namu, an ajiye mai kama da shi. Injin gwaji ne ya nuna, kuma 'yarka ce ta yi gwajin. Ta gani tuntuni, ta yi shiru. Ni da kaina na ci karo da sakamakon a kwamfuta."

Na ce, "Auta, haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"To me ya hana ki faɗa?"

Ta kalli hannuwanta.

Shugaba ta ci gaba. Makullin ɗakin gilashi yana hannun Auta. Kwanakin baya wani baƙo mai tara shuke-shuken da ba a samu ya zo, an gan su sun daɗe suna magana. Kwamiti zai zauna ƙarshen mako. In ba a sami bayani ba, za a sallame ta, a miƙa maganar ga 'yan sanda.

"Kuma ba korar ce abin tsoro ba," in ji ta. "Wanda aka sallama da sunan ya sayar da amana, babu ɗakin gwajin da zai ƙara buɗe masa ƙofa."

*

Marigayiya matata tana da ƙani, tsohon ma'aikacin gandun daji. Aikinsa bin sawun masu saran itace da dabbobin da suka ɓata. Ido-ƙasa ake ce masa, don ko gaisuwa yake yi da kai, takalminka yake kallo. Shi na kira, ban san wanda zan kira ba in ba shi ba.

Ya shigo da la'asar, ya dube ni sama da ƙasa.

"Mijin Yaya, yini ɗaya ka rame haka? Kunnuwan ne kawai ba su ragu ba."

Ina da manyan kunnuwa. Tun ina neman yayarsa yake tsokanata da su, kuma Auta ta gado su, shi ya sa kullum ɗankwalinta a ja yake har wuya. Ranar ban iya rama masa ba.

Ya zaunar da Auta a kan tabarma. Bai tambaye ta ko ta ɗauka ba. Cewa ya yi, "'Yar Yaya, yadda inji ya san wannan ba shi ba ne nake son ji. Ki yi mini ta jahilai."

Ta gyara zama. "Kawu, a cikin kowane ganye akwai wasu ƙananan ƙwayoyi. Su ne koren da kake gani, su suke dafa wa shuka abinci da hasken rana. Mu muna ce musu kuloroplas. Suna da nasu ɗan rubutun gado, daban da na sauran jikin shukar, shi muke karantawa. In rubutun shuka biyu ya yi kusa, kakarsu ɗaya ba da nisa ba. In ya yi nisa, sun daɗe da rabuwa. Da haka muke zana wa furanni dangi, wane ɗan'uwan wane."

"Kakarsu kika ce. Kakan fa, ya yi tafiya?"

"A yawancin masu fure, ƙwayoyin nan ta wajen uwa kawai suke bi. Wanda ya ba da garin fure shi ne uba, wadda ta ɗauki iri ita ce uwa. Uba ba ya barin komai a cikin koren."

Ba da ni take ba, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

"Bara na karanta Ɗan-dutse," in ji ta. "Bana aka ce in maimaita. Da na maimaita sai koren furen shinge ya fito, irin wanda ake dasawa a bakin katanga. Danginsu ɗaya, amma na nesa. Fuska ta Ɗan-dutse, kore na furen shinge."

Ido-ƙasa ya gyaɗa kai. "Wato ba baƙo ba ne. Ɗansa ne."

"Ɗansa ne."

"Uwar fa, ta wace katanga ce?"

Ta miƙe tana tattara kofuna. "Furen shinge ya cika gari, Kawu."

Da ta shiga ciki, ya daɗe yana kallon inda ƙafafunta suka bari a tabarma. Sannan ya ce, a hankali, "Yarinyar nan ta san uwar."

*

Shugaba ta yarda ya duba, don ita ma ba ta son motar 'yan sanda a harabarta. Washegari muka shiga ɗakin gilashi. Zafi ya tare mu a ƙofa. An canza rufin wurin bana, an cire tsohon mai duhu an sa sabo mai haske. Tagogin duk an yi musu raga, ko ƙuda ba ya shiga.

Mai ban-ruwa, wanda ake kira Dogo, yana wanke daɓe da tiyo.

Na ce wa Ido-ƙasa, "Ka zo bin sawu a inda ake wankewa kullum."

"Kai dai riƙe mini hula."

Ya durƙusa gaban tukunyar. Ni dai shuka na gani, mai ƙananan ganye masu kauri. Shi kuwa ya shafa gindin da babban yatsa, ya bi tabon tsoffin yanka ɗaya bayan ɗaya har sama, ya ɗan kankare ɓawo da farce. Sai ya sunkuyo da kai kan ƙasar tukunyar, ya tsinko wata ƙaramar ciyawa.

"Dogo, sauran tukwanen ba su da ciyawa. Wannan me ya same ta?"

Dogo ya kashe ruwa. "Ƙasarmu gasa ta muke yi a ganga kafin mu zuba, don kada wani abu ya tsiro ba a gayyace shi ba. Wannan kuwa kullum sai na cire, kullum sai ta dawo."

"Tun yaushe?"

"Bayan canza rufi." Ya goge hannu a wando. "Kowa ni yake kallo, don ni ne mai shiga da bokiti. Ni da nake raino? Da can sai na lallaɓa shi yake shan ruwa. Da aka sa rufin nan ganyensa suka fara zuba, na ce shi ke nan, ya kama hanya. Sai wata safiya na tarar ya miƙe, yana shan ruwa kamar an koro shi daga jeji. Na yi murna."

"Ba ka faɗa wa kowa ba?"

"Na faɗa wa Farfesa da ya leƙo. Ya ce hannuna ne mai albarka." Ya rage murya. "In ƙasar waje kuke nema, ku fita ƙofa. Ku duba tukwanen matar can, ku ga fentin wa ke jikinsu."

Ido-ƙasa ya ɗebi ƙasar tukunyar ya ƙulle a hankici.

*

Gaskiyar Dogo. A rumfar Mai-tukwane, mai sayar da furannin nan, akwai tukwane masu koren zobe irin na cibiyar, an jera su a baya. Da na gan su zuciyata ta yi sanyi. Matar da ta kira ni a waya don tausayi, ita nake fatan a kama. Haka uba yake in an taɓa ɗansa.

Ta ga inda muke kallo, ta riƙe ƙugu.

"Au, yau kuma ni ce? Ɗaga ɗaya ka gani, Malam. Fasassu ne da suke zubarwa, ni nake tsintowa in ɗaure da waya. In ɗinkin tukunya sata ne, to a kawo ankwa."

Ido-ƙasa ya ɗaga. Kowace da wayarta. Ya ɗebi ƙasarta a tafin hannu, ya kwance hankicinsa a ɗaya hannun. Tata baƙa ce, mara nauyi, duk garin katako da taki. Ta hankici ja ce, da toka da ɓarɓashin ɓawon ƙwai.

"Hajiya, kina haɗa wa furanni aure?"

"Ni? Na aurar da nawa 'ya'yan ma da ƙyar. Reshe nake yanka in soka a ƙasa. Duk furen shingen da ka gani a garin nan, uwarsu ɗaya, ga ta can bayan rumfa. Ta fi ku zuriya ku biyun."

"Baƙon nan da aka ce ya yi magana da yarinyar fa?"

"Mai hular nan? Surutu ya cika ta da shi har ƙofa. Ya ba ta kati, yana juya baya ta jefa a kwandon sharata. A gabana." Ta dube ni, muryarta ta sauka. "Malam, ka ci abinci kuwa?"

Na kasa haɗa ido da ita.

Daga nan muka je wurin mai gadi, dattijo mai wankakken kaki. Tun kafin a gama tambaya ya buga ƙirji.

"Ko tsinke ba ya fita ta nan ban gani ba. Jakar kowa nake buɗewa, har ta Shugaba."

"Ta kowa?"

"Ta kowa. Ita ma yarinyar ban taɓa ganin komai a tata ba sai kwanon abinci. Amma akwai katanga, ni kuwa ido biyu gare ni."

Muka zaga katangar. Ido-ƙasa ya bi ta taku-taku, yana duba gansakukar da ke samanta. Babu inda aka goge.

*

Da yamma Auta tana kicin, na shiga ɗakinta. Na leƙa ƙarƙashin gado, na leƙa bayan kwaba. Ban san abin da nake nema ba, itace ba ya ɓuya a bayan kwaba. Ina ɗagowa na gan ta a ƙofa da ludayi a hannu. Ta koma kicin, na ji ta ci gaba da juya tukunya.

Na fita waje na sami Ido-ƙasa a kan benci.

Na ce, "Gobe zan je gidan Farfesa. Shi ya koyar da ita, shi ya sa aka ɗauke ta aiki. In ya buɗe baki kwamiti zai saurara."

Baba Farfesa take ce masa. A gidanmu magana uku sai an sako shi: Baba Farfesa ya ce kaza, Baba Farfesa ba ya son kaza. Ni na biya kuɗin makaranta, amma shi ne ya san abin da take karantawa. Ban taɓa nuna mata yana damuna ba.

Ido-ƙasa ya ce, "Zan raka ka. Kada ka je ka yi kuka a gaban mutane babu mai miƙa maka hankici."

*

Gidan Farfesa yana ƙarshen wani layi mai shiru. Tsakar gidan cike da tukwane, wasu a kan bulo, wasu rataye. Mun same shi a kujera ƙarƙashin inuwa, bai yi aski ba, shayinsa ya huce har ƙuda ya faɗa ciki.

Na durƙusa. "Ranka ya daɗe, 'yarka ce. Kai ka fi ni sanin hannunta. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa."

Ya kalli bayan kaina. "Yarinyar kirki ce. Ban taɓa koyar da mai natsuwarta ba."

"To ka faɗa musu haka."

"Ni yanzu wa yake jin maganata a can? Na yi ritaya, Malam. Ofishina ma na kwashe." Ya juya kofin a kan tebur. "Zan ga abin da zan iya."

Ido-ƙasa ya nemi a nuna masa bayan gida. Farfesa ya yi nuni da hannu ba tare da ya juya ba. Muka zauna, ni da shi. Ido-ƙasa ya daɗe har na fara jin kunya. Da ya dawo hannunsa ɗaya yana cikin aljihu, gwiwoyin wandonsa da jar ƙasa.

Sai da muka yi nisa da layin ya yi magana.

"Na ga uwar," ya ce. "Na ga uban ma."

Na dubi fuskarsa. Babu tsokana a cikinta, ban saba ganinta haka ba. Ban tambaye shi ba.

*

Safiyar da kwamiti zai zauna, Ido-ƙasa ya roƙi Shugaba ta tara mutane a ɗakin gilashi tukuna. Ta aika mota ta ɗauko Farfesa, a matsayin wanda ya fi kowa sanin shukar. Dogo ya kawo masa kujera. Mai gadi ya tsaya a ƙofa, Mai-tukwane ta shigo tana fifita da gefen gyale. Auta tana gefena, amma ta bar tazara tsakaninmu.

Ido-ƙasa ya tsaya kusa da tukunyar.

"Ranki ya daɗe, ni ban san inji ba. Abin da inji ya faɗa, 'yar Yaya ta fassara mini: wannan ɗan Ɗan-dutse ne, uwarsa furen shinge. Da wannan na fara, don in ba shi da na ƙare a rumfar Hajiya ina zargin tukwane."

"Da ka ji jiki," in ji Mai-tukwane.

"Ɗakin nan da raga, zuma ba ta shiga. Uban bai taɓa fita ba. Ke nan mutum ne ya ɗebi garin furensa da hannu ya kai wa uwar a waje. Yaushe? Ku dubi gindin nan, ku dubi tabon yankan da suka warke. Ɗan nan ya girmi aikin Dogo a nan. Ya girmi aikin Auta. Lokacin da aka haɗa iyayensa tana goye da jakar makaranta."

Shugaba ta sunkuya ta taɓa gindin.

Ya juya wajen ƙofa. "Baba mai gadi, ka ce jakar kowa kake buɗewa. Ka taɓa buɗe ta Farfesa?"

"Ni? In buɗe jakar Farfesa? Mutumin da ya dasa itatuwan harabar nan?" Ransa ya ɓaci. "Ranar da ya kwashe littattafansa ma ni na ɗaukar masa kwalaye har mota. Wani dogon kwali da ya ce kada in kwantar da shi, a tsaye na..."

Bai ƙarasa ba. Ya cire hularsa ya riƙe.

Ido-ƙasa ya zaro wani ɗan reshe daga aljihu ya ajiye a kan benci. Furen shinge ne. A jikinsa akwai jan zare da ya tsufa, ɓawo ya girma ya haɗiye rabinsa.

"An ce mini masu haɗa furanni suna ɗaura zare a reshen da suka shafa wa gari, don su gane shi. Na tsinko wannan a bayan wani gida mai jar ƙasa, inda ake zuba toka da ɓawon ƙwai a gindin shuka. Ban ce a yarda da ni ba. A ba injin ganyen nan, ta hannun wani ba 'yar Yaya ba. In koren ya zo ɗaya da na ɗan nan, an sami uwa."

Ruwa yana ɗiga daga bakin tiyo.

Sai Auta ta ce, "Baba."

Na buɗe baki zan amsa, na ga ba ni take kallo ba.

"Baba, ka faɗa da bakinka. Shi nake ta jira." Muryarta ba ta rawa, hawaye ne kawai suke sauka. "Furen shingen garin nan duk na karanta su, korensu ɗaya. Wannan daban ne, akwai wani ɗan giɓi a rubutunsa. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, a ganyen farko da na koyi aiki da shi. Daga aljihunka ka ciro mini. Ka ce a gindin dutsen nan ka samo uwarsa."

Farfesa ya daɗe yana kallon jan zaren.

"Ba sai an wahalar da inji ba," ya ce. "Ba ya ƙarya, ita ma ba ta yi."

Ya yi magana a hankali, kamar mai ba da darasi ga aji da ya watse. Da aka sa sabon rufi ya ga zafi yana cin Ɗan-dutse. Ya faɗa, ya sake faɗa, aka ce masa an ji, za a duba. Yana da ɗan da ya haɗa shekarun baya, yana gwada ko jinin zai tsira ta wata hanya. Ya kawo shi a kwali, ya musanya, da tsohon makullin da ba wanda ya tuna ya karɓa. Niyyarsa ya yi jinyar uban a inuwar gidansa, in ya farfaɗo ya mayar. An riga an karanta shi bara, bai zaci za a maimaita ba.

Shugaba ta ce, "Yana ina yanzu?"

Ido-ƙasa ne ya ce, "Yana bayan gida, an yi masa rumfa da zanen gado. Na kankare shi har gindi. Babu ɗanye."

Dogo ya zauna a kan bokitinsa.

Na ji bakina yana magana ba da izinina ba. "Ranka ya daɗe, na durƙusa a gabanka. Kana kallo za a kai ta ga 'yan sanda."

"Kana da gaskiya, Malam." Ya ɗago, karo na farko ya dube ni. "Kullum da safe sai in sa takalmi in zo in faɗa. Da sata ce kawai, da na faɗa. Amma sai an tambaye ni yana ina, in ce ni da na sauko da shi daga dutse, a hannuna ya mutu. A nan nake cire takalmin."

Shugaba ta ɗaga kai ta kalli rufin. Ita ce ta sa hannu aka canza shi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa mai gadi ya je ya sanar da kwamiti babu zama.

*

Ba a kira 'yan sanda ba. Farfesa ya ajiye makullin a kan benci kusa da reshen, ya ƙi shiga mota, ya tafi da ƙafa. An shafa wa rufin farin fenti a makon.

Auta ta koma aiki. Masu kallon ƙasa suka dawo suna tambayata lafiyar gida. A gida kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ta ajiye mini abinci, ta shiga ɗaki. Kawunta ya zo sau da yawa, ba ta fito ba. Ya ce mini, "Bar ta. Ta so Farfesa ya zo da ƙafarsa, mu muka jawo shi." Wasu ranakun takan makara, takalminta da jar ƙasa. Ko ni da ba mai bin sawu ba na san inda ta biya. Ban tambaya ba.

Wata la'asar ta shigo shago, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta share tarkacen allurai gefe, ta shimfiɗa wata doguwar takarda a kan teburina. Zane ne kamar itace kwance, rassa suna rabuwa, kowane da suna a ƙarshensa.

"Dangin ke nan, na gama," ta ce. Ta ɗora yatsa a kan wani dogon reshe da ya fita shi kaɗai. "Ga shi nan. Ya rabu da sauran tun da daɗewa, kamar yadda Baba Farfesa ya faɗa tun kafin a yi injin. Bai taɓa zama uwa ba, don haka korensa a kansa ya tsaya. Abin da na karanta bara shi ne ya rage."

Na daɗe ina kallon reshen. Ban san abin da ake cewa a irin wannan ta'aziyya ba.

"Ɗan fa?" na tambaya.

"Dogo yana ba shi ruwa. Jiya ya buɗe fure." Ta fara naɗe takardar. "Furen ubansa sak. Shugaba ma sai da ta fita waje."

"Ashe uba yana barin wani abu."

Ta tsaya da naɗin. Ta dube ni, ta dubi gefen kaina. Sai ta kai hannu ta ja ɗankwalinta, ta ƙara rufe kunnuwanta.

"Yana bari, Baba," ta ce. "Har wanda ba a roƙe shi ba."

Ta jawo kujerar masu jiran gyara ta zauna, ta jira na rufe shago.